Ƙasa Ce Ke Ɗauke da Gida: Matsalar Harsashin Gini a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Idan watan Agusta ya kama, marka ta zauna a kudancin Katsina, ana kwana ana wuni ruwa bai ɗauke ba, a lokacin ne gidaje ke tona asirin abin da aka binne a ƙarƙashinsu. Katangar da aka yi wa fenti da sallah sai a wayi gari ta tsage daga kusurwar taga, tsagar ta karkace ta gangara har ƙasa. Ƙofar da ake turawa da yatsa ta koma sai an sa mata kafaɗa. Daɓen ɗaki ya lotsa ta gefe guda. Maigida ya aika a kira birkila, birkila ya zagaya ya duba, ya ce ruwan bana ne ya yi yawa. A liƙe tsagar da siminti, a shafa fenti, baɗi war haka ta sake buɗe baki a daidai inda ta buɗe.

Ruwa yana da nasa laifin, amma ruwan da ya zuba a kan wannan gida shi ne ya zuba a kan na maƙwabci, wanda ko gezau bai yi ba. Bambancin yana cikin ƙasa, inda ido ba ya gani bayan an rufe rami. Kowane gini, daga ɗakin kwano ɗaya har bene, nauyi ne da aka ɗora wa ƙasa, harsashi kuma shi ne mai miƙa mata wannan nauyin. Saboda haka tambaya biyu ke gaban duk mai shirin gini: nawa ne nauyin, kuma nawa ƙasar wurin za ta iya ɗauka? A garuruwanmu an fi ba da amsa ɗaya ga kowane fili: a haƙa ƙafa biyu, a zuba kankare, a ɗora bulo. A ganina wannan amsa guda ita ce tushen yawancin tsagewar da muke gani.

Ƙasa iri-iri a gari ɗaya

Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ƙananan hukumomi uku ne masu kujera ɗaya a Majalisar Wakilai ta Tarayya, a gefen yamma na kudancin Jihar Katsina, inda ta yi iyaka da Zamfara da Kaduna. Ruwan sama a nan yakan kai kusan milimita 1,000 a shekara, ya zarce na Katsina da Daura nesa ba kusa ba, kuma daga tuddan yankin Funtuwa ne Gulbin Sakkwato ya samo asali. Duk wanda ya bi hanyar Funtuwa zuwa Gusau ta Mairuwa da Sheme da 'Yankara ya ga duwatsun da suka ɓullo a tsakiyar gonaki. Waɗannan kawunan wani tsohon dutse ne da ke shimfiɗe a ƙarƙashin yankin baki ɗaya. A wani wuri yana waje, a wani wurin sai an haƙa mita da yawa kafin a taɓa shi, kuma abin da ke tsakanin dutsen da tafin ƙafar mutum shi ne ke yanke wa gida hukunci.

Manomi ya san wannan fiye da magini. Ba zai haɗa jigawa da fadama ba, ya san fako, ya san jangargari, ya san inda marmara take, ya san baƙar laka mai riƙe ruwa. Abin mamaki shi ne mutumin da ba zai shuka shinkafa a kan tudu ba, shi ne zai sayi fuloti a bakin fadama ya sa a yi masa harsashi irin na ƙaninsa da ya yi gini a kan marmara.

Marmara da jar tsakuwa su ne abin son kowane magini, kuma da gaskiyarsa, domin idan suna da kauri suna iya ɗaukar tan 20 zuwa 30 a kan kowane murabba'in mita. Sai dai marmara tana da yaudara. Sau da yawa ɓawo ce kawai, kaurinta bai fi ƙafa ɗaya ko biyu ba, a ƙarƙashinta kuma akwai ruɓaɓɓen dutse mai taushi wanda ke jiƙewa da damina. Lebura ya kai diga, diga ta yi tsalle, a ce an kai ƙasa mai ƙarfi, a tsaya. Alhali nauyin gini ba ya tsayawa a inda kankare ya ƙare. Yana ratsawa ƙasa har zurfin da ya kai faɗin harsashin sau ɗaya da rabi ko sau biyu. Gindin fila mai faɗin mita biyu yana matsa ƙasar da ke mita uku zuwa huɗu a ƙarƙashinsa, wadda ba wanda ya gan ta.

Shi kansa dutsen, wanda ke iya ɗaukar ɗaruruwan tan ba tare da ya motsa ba, yana da nasa haɗarin. A gefen tuddai akan ci karo da ƙaton dutse a kusurwa ɗaya ta fili, sauran filin kuma ƙasa ce. Idan aka ɗora rabin gida a kan dutse rabi a kan ƙasa, ɓangaren ƙasa zai zauna kaɗan, na dutse ya ƙi, bango ya rabu a tsakani. Gini yana jure zama idan duk jikinsa ya sauka tare. Abin da ba ya jurewa shi ne gefe ya sauka gefe ya tsaya. Wani lokacin ma abin da aka ɗauka dutsen asali ne, curi ne kawai da ke kwance a cikin ƙasa mai taushi.

Akwai kuma lallausar ƙasar nan da ta sa yankin Funtuwa ya yi suna wajen noman auduga da masara. Masana ƙasa sun nuna cewa iska ce ta kwaso yawancinta daga arewa tun zamani mai nisa ta shimfiɗa a kan tuddan. Da rani takan yi tauri har mutum ya amince da ita, amma da zarar ruwa ya ratsa ta sai ƙarfinta ya ragu, ga saurin zaizaya. Wanda ya haƙa harsashi a watan Maris ya ga ƙasa ɗaya, gidansa kuma zai zauna a kan wata daban a watan Agusta.

Mafi wahala ita ce lakar fadama. Tana kumbura idan ta sha ruwa, ta tsuke ta dare idan ta bushe, kowa ya ga yadda take tsattsagewa da bazara har mutum ya iya zura hannu. Gidan da aka kafa a kanta da harsashi marar zurfi yana ɗagawa da damina, ya sauka da rani, shekara bayan shekara, har bulo ya gaji. Ƙananan gidaje sun fi shan wannan wuya, domin ba su da nauyin da zai danne kumburin. Irin wannan ƙasa ce, a mafi muninta, ke lalata tituna da gine-gine a sassan Borno da Gwambe da Adamawa.

Ƙanƙara tana da wani abu nata na daban, wato farar ƙasa, wadda masu bincike a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka daɗe suna ɗiba suna nazari a kanta. Ita ba ta kumbura kamar baƙar laka, amma tana yin laushi da santsi idan ta jiƙe. Abin tsoro a inda ake haƙarta shi ne ramukan da aka bari. Duk wanda zai sayi fili kusa da tsohon wurin haƙa, ko na farar ƙasa ko na burji, ya kamata ya nemi dattawan unguwa su gaya masa inda ramukan suke kafin ƙasa ta rufe su.

Nauyin da ba a lissafa ba

A da, gidan talaka a wannan yanki ba shi da nauyin a zo a gani a sama: bangon ƙasa, jinka ko kwano. Yanzu abin ya canza, amma awon harsashin bai canza ba. Kankare mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, tsayin mita ɗaya, nauyinsa kusan kilo 2,400 ne. Dekin mai kaurin inci shida yana da nauyin kilo 360 a kowane murabba'in mita. Ke nan ɗaki mai mita huɗu ta kowane gefe, dekinsa kaɗai ya kusa tan shida, tun ba a ɗora bulo ko ɗaya a kai ba. Tankin ruwa mai lita 2,000 idan ya cika tan biyu ne cur, kuma sau da yawa bayan an gama gini ake tunawa da shi, a nemi kusurwar rufi a ɗora.

Sai kuma hatsi, wanda shi ne arzikin wannan ƙasa. Daga Sabuwa zuwa Ɗandume, daga Sheme zuwa Ƙanƙara, da kaka kowane ɗaki da ba a kwana a ciki rumbu ne. Injiniya idan zai zana benen zama, yakan ware wa mutane da kayansu kilo 150 zuwa 200 a kowane murabba'in mita. Buhun masara kilo 100 ne, buhu biyu a kwance kuma sun ɗan fi murabba'in mita ɗaya. A jera su hawa biyar, an ɗora tan ɗaya a wurin da aka shirya wa kusan kashi ɗaya cikin biyar na hakan. A ƙasa ma, buhu 200 a ɗaki ɗaya tan 20 ne, idan cikon da ke ƙarƙashin daɓen ba a kirɓa shi da kyau ba, daɓen zai nutse ya ja bango. Mai niyyar ajiye hatsi ya faɗa tun ranar da ake zane, domin sito da ɗakin kwana ba harsashi ɗaya gare su ba.

Lissafin kansa ba mai wuya ba ne. A ce fila ɗaya a bene mai hawa ɗaya tana ɗauke da tan 30. A kan ƙasar da ke ɗaukar tan 20 a murabba'in mita, gindin filar yana buƙatar faɗin murabba'in mita ɗaya da rabi. A kai ginin nan kan laka mai taushi wadda ba ta wuce tan bakwai da rabi ba, gindin sai ya kai murabba'in mita huɗu, wato mita biyu ta kowane gefe, kusan ninki uku. Bene ɗaya, zane ɗaya, amma ƙasa ta sauya komai. Shi ya sa aron takardar zanen gidan aboki, wanda ya zama ruwan dare, yake da haɗari. Ana iya aron fasalin ɗakuna, ba a aron harsashi.

Daga nan ne nau'o'in harsashi suka samo asali. A kan ƙasa mai ƙarfi, gidan ƙasa-ƙasa ya wadatu da zubin kankare a ƙarƙashin kowane bango, kuma ƙa'idar da aka saba ita ce faɗinsa ya ninka kaurin bango sau uku, bulo mai inci 9 ya samu inci 27. Bene yana buƙatar gindi mai rodi a ƙarƙashin kowace fila, a ɗaure su da juna. Idan ƙasar ta yi taushi har gindayen suka kusa haɗewa, sai a zuba shimfiɗa guda mai rodi a ƙarƙashin ginin gaba ɗaya, yadda raƙumi ke tafiya a kan rairayi bai nutse ba saboda faɗin tafinsa. Turakun kankare da ake kafawa can cikin ƙasa, irin na gadoji da dogayen benayen Legas, da wuya gida a Faskari ya buƙace su.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙarin hawa. Mutum ya gina shaguna a bakin titi da harsashin ƙasa-ƙasa, bayan shekaru kasuwa ta buɗe, ya ce a zuba dekin a ɗora ɗakuna. Birkila ya ƙwanƙwasa bango ya ce zai ɗauka. Bango ba shi ne abin tambaya ba, domin nauyin zai bi ta cikinsa ya sauka a kan harsashin da ba a yi don shi ba.

Magabata sun san ƙasa

Kada a ɗauka wannan ilimi baƙo ne. Kafin siminti, maginin Hausa yana haƙawa har ya wuce baƙar ƙasar sama ya kai mai ƙarfi, ya fara bango da kauri sosai a gindi, yana rage shi yana hawa. Wannan shi ne watsa nauyi, ko da ba a kira shi da wannan suna ba. Yana fitar da indararo nesa da jikin bango, kowace shekara kuma a sake yaɓe kafin ruwa ya sauka. Hasumiyar Gobarau a birnin Katsina, mai tsayin kusan mita 15, ta yi ɗaruruwan shekaru a tsaye. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19 shaida ce ta mutanen da suka san inda nauyi ke bi. A Italiya kuwa, hasumiyar Pisa da aka fara a 1173, da duwatsu masu tsada da ƙwararrun magina, ta fara karkata tun ba a gama ta ba saboda an kafa ta a kan ƙasa mai taushi. Sai da aka rufe ta a 1990, aka yi ta zare ƙasa kaɗan-kaɗan daga ƙarƙashin gefen da ya ɗaga, sannan aka sake buɗe ta a 2001. Abin da injiniyoyi suka ƙara, tun daga aikin Karl Terzaghi a 1925, shi ne awo da lissafi. Mu kuma mun saki kulawar magabata, ba mu kama lissafin injiniyoyi ba.

Gudun hijira da tsadar siminti

Ba adalci ba ne a yi wannan magana a manta da halin da mutanen yankin suke ciki. Duniya ta san sunan Ƙanƙara ne a daren 11 ga Disamba, 2020, lokacin da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta garin. Kafin wannan dare da bayansa, ƙauyuka da yawa a ƙananan hukumomin uku sun watse, mutanensu suka kwarara cikin manyan garuruwa, wasu har Funtuwa da Malumfashi. Wanda ya baro gonarsa da dare ba ya zaɓen fili. Abin da kuɗinsa zai iya saya shi ne wanda kowa ya ƙi: bakin rafi, gefen fadama, ko tsohon kududdufi.

Kududdufi shi ne mafi muni. Ramin da aka ɗebi ƙasar gina unguwa, ya zama matattarar ruwa, ya koma juji, aka yi shekaru ana zuba masa shara da leda da toka, daga baya a watsa masa jar ƙasa tifa kaɗan a yanka fuloti. Shara tana ruɓewa tana zama har shekaru masu yawa, ba wanda zai iya faɗin nawa za ta ɗauka. Ruwan unguwa kuma bai manta hanyarsa ba. Ambaliyar Jibiya ta watan Yulin 2018, wadda ta kashe mutum fiye da 40, ta nuna wa Jihar Katsina abin da ruwa ke yi wa gidajen da ke kan hanyarsa. Dillalin da ya san wuri kududdufi ne ya ɓoye wa mai saye, ya ci amanar da za a tambaye shi a kanta.

Ga tsada. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama. Idan kuɗi ya gaza, abin da ba a gani shi ake fara ragewa: a rage zurfi, a rage faɗi, a ƙara yashi a kwaɓi, a sa rodi siriri, a ɗora bulo washegarin zubi. Kankare kuwa yana son a yi ta ba shi ruwa aƙalla kwana 7, kuma sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka lissafa masa. Tayil da fenti da silin za su iya jira shekara biyar. Harsashi sau ɗaya ake yin sa, gyaransa bayan an tare ya fi yin sa tsada ninki-ba-ninki.

Doka tana nan a rubuce. An kafa hukumar COREN mai rajistar injiniyoyi tun 1970, cibiyar binciken gini da hanyoyi ta NBRRI tun 1978, an fitar da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa a 2006, jiha kuma tana da hukumar tsara birane mai ba da izinin gini. Amma ana tuna su ne idan an yi asara: benen Ikoyi mai hawa 21 da ya rufta a Legas ranar 1 ga Nuwamba, 2021, ya kashe fiye da mutum 40, benen titin Beirut a Kano a watan Agustan 2022, da makarantar Saint Academy a Jos ranar 12 ga Yuli, 2024, inda mutum 22 suka rasu, yawancinsu ɗalibai. Katangar da ta faɗa wa yara a ƙauyen Sabuwa cikin dare ba ta kai ga jarida.

Akwai abin da mai ƙaramin ƙarfi zai yi da kansa. Ya je ya ga fili a watan Agusta kafin ya biya. Ya leƙa rijiyar maƙwabta ya ga inda ruwa ya tsaya, ya tambayi wanda ya haƙa ta irin ƙasar da ya ratsa, domin mai haƙar rijiya ya san cikin ƙasar gari fiye da kowa. Ya sa a haƙa rami biyu ko uku a kusurwoyin filin, zurfin mita ɗaya da rabi zuwa biyu, aikin yini ɗaya ne. Idan leda da toka suka fito, ya san inda yake. Ya jiƙa ƙasar ya murza a tafin hannu, idan ta yi dogon zare ba ta karye ba, laka ce mai yawa. Idan akwai suri, a tone gidan gara har ƙarshensa a cike a kirɓa. Masai da rijiya da darbejiya su yi nesa da bango, ruwan kwano kuma a yi masa hanya ya bar gindin gida, a zagaye ginin da daɓe mai gangara waje. Wanda bangonsa ya riga ya tsage ya shafa ɗan siminti a kan tsagar ya rubuta ranar. Idan ya sake darewa, ginin yana motsi, liƙi ba zai yi magani ba, a kira injiniya.

Amma bene, da makaranta, da masallacin Juma'a, da asibiti, da babban sito, waɗannan sun wuce ramin gwaji da ido. Sashen injiniyan gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello da na Jami'ar Bayero suna da ɗakunan gwajin ƙasa, Zariya kuma ba ta da nisa da Funtuwa. Kuɗin gwajin ɗan kaɗan ne a kan kuɗin ginin. Ina kira ga shugabannin ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da su hana a fara kowane ginin jama'a sai an ga takardar gwajin ƙasa da sa hannun injiniya mai rajista, ga hakimai da dagatai da masu unguwa kuma da su tsaya a rubuta duk tsoffin kududdufai da hanyoyin ruwa na garuruwansu, a daina sa hannu a takardar cinikin su a matsayin filin gida.